Aljanin Balkisa Ba Ya Hana Daka

A duk Filinge babu aljani mai sanin ya kamata irin na Balkisa. Bai taɓa hana ta daka ba, bai taɓa hana ta surfe ba. Wanki kuwa ko na gidan biki aka jibge mata, sai ya koma gefe ya naɗe hannu har ta gama shanya. Abu ɗaya ne ba ya so a duniya, ta taka ƙofar gida. Da ta doshi zaure sai zuciyarta ta kama bugu fat-fat, numfashi ya maƙale a wuya, gumi ya karyo, ƙafafu su ce su kam ba da su ba. Nan take wani abu zai raɗa mata cewa yau mutuwa ce, kuma a gaban jama'a za ta faɗi, zani a gefe, yara na kallo.

Abin ya samo asali ne bayan rasuwar mijinta, ranar da jiri ya kwashe ta a tsakiyar kasuwa aka kawo ta gidan yayanta Kailu a amalanken jaki. Ta yi kwana biyu ta miƙe garau, amma tsoron kasuwa ya ƙi tashi. Daga kasuwa ya ci titi, daga titi ya ci ƙofar gida. Kailu ya kirawo mai magani, ya duba ya ce aljani ne mai kishi, ba ya son ido a kanta. Aka yanka jan zakara. Mai magani ya tafi da cinyoyi, aljani ya zauna daram.

Hamida matar Kailu ita ta fara gane cewa ciwon nan akwai albarka a cikinsa. 'Yar kasuwa ce mai atamfa da turare, kuma da can kasuwar Filinge kaɗai take ci saboda ɗawainiyar gida. Yanzu kuwa har Abala ana jin muryarta. Yarinyar da ke yi mata aikatau ta sallame ta, tunda Allah ya kawo wadda ba ta zuwa ganin gida, ba ta zuwa biki, ba ta tsayawa hira a hanya.

"Gwaggon yara ba ta iya zama hakanan," haka take gaya wa maƙwabta, tana gyara ɗaurin kallabi. "In ba a ba ta aiki ba, tunani ka cin ta. Mu dai taimakonta mukai."

Taimakon bai tsaya nan ba. Balkisa tana da takalman fita jajaye na fata, waɗanda marigayi ya saya mata. Hamida ta are su zuwa wani biki, ba su dawo ba. Ranar da Balkisa ta yi ƙarfin halin tambaya, sai Hamida ta riƙe baki.

"Haba Gwaggo! Wanda ba shi hita mi za shi yi da takalmi? So kike gara ta cinye su?"

Mayafi ya bi takalmi. Wayar ma Kailu ya karɓa ya jefa aljihu, wai ƙararta na razana ta. Kada dai a ce mugaye ne. Mugu ai da sauƙi, ka hango shi ka kauce. Su Kailu tausayi gare su, irin tausayin nan da ke tashi da sassafe ya auno gero ya ajiye maka a gindin turmi.

Duk wannan Balkisa ta shanye. Abin da ta kasa shanyewa shi ne zancen Safi. Safi ita ce 'yarta ta fari, ita kenan kuma Allah ya bar mata, tana aure a Tabla wurin wani manomi mai suna Nuhu, ga ta da cikin fari. Kowa ya san al'ada. Mai cikin fari gida take komawa ta haihu, uwa ta dafa mata ruwan wanka, ta dama mata kunun kanwa har a yi arba'in. Balkisa ta daɗe tana tanadi. Ta ƙulle kanwa da kimba da citta a tsumma ta soke a bayan randa, tukunyar wankan ma ta riga ta zaɓa da ido. Sai dai 'yar fari ce, uwa mai kunya kuwa ba ta kama sunan ɗan fari, balle ta tsaya gaban yayanta tana lissafa masa watannin ciki. Sai kewaye-kewaye.

"Yaya, mutanen Tabla ba su aiko ba?"

"Lahiya lau suke," in ji Kailu, yana suɗe hannu. "Miyag ga ta so gishiri."

Ciki ya tsufa, ba a ga Safi ba. Da Balkisa ta sake kewayawa ta wurin Hamida, sai aka ce mata ai yaran zamani ne, ta ce can za ta haihu, ta fi sakewa. Maganar nan ta shiga ran Balkisa ta yi gida. Ta juya ta gaba, ta juya ta baya, ta fito da amsa ɗaya, yarinyar kunyarta take ji. Wa zai so a ce ga uwarsa can mai aljani, wadda ko zaure ba ta iya ƙetarewa?

Daga nan ta fara zubewa. Ta daina lalle, ta bar kitso ya tsufa a kanta har ya cukurkuɗe. Ta tuƙa tuwo da hannunta ta raba wa kowa, nata ya kwana a kwano kaji su samu. Rediyon da take saurara in tana tsinkar zogale ta kashe shi. Da ta gama aiki sai ta koma bayan rumbu ta zuba wa ƙasa ido, hawaye na zuwa ba sallama. Wani lokaci har ta ce a ranta da ma ita ce ta tafi, marigayi yana nan. Abin tausayi ne ƙwarai, kuma babu wanda bai gani ba a gidan. Kailu ya ce a ƙara hayaƙin korar aljani. Hamida ta ce aiki ne zai ɗauke mata hankali, ta haɗo mata da wankin ƙanwarta.

Katangar da ta raba gidan Kailu da na maƙwabta ta zube tun wata damina, ta tsaya iya ƙirji. Kullum Kailu cewa yake bayan girbi zai gyara, girbi kuwa sai wucewa yake. A wancan gidan ne wata ma'aikaciyar asibiti ta kama haya, ana ce mata Madam Asta, doguwa mai dariyar da ake ji daga bakin titi.

Wata ranar kasuwa gida ba kowa, akuya ta tsinke igiya ta nufi waje. Balkisa ta bi ta ba tunani, sai ganin kanta ta yi a tsakiyar zaure, hasken titi na dukan idonta. Abin ya taso. Ta rarrafo ta jingina da katanga tana haki, tana kalmar shahada.

"Fofo, maƙwabciya," in ji wata murya daga saman katanga, da gaisuwar Zabarmawa. Asta ce, tana shanya rigar aiki. "Lahiya?"

"Mutuwa... mutuwa nikai."

Madam guda ta taka bokiti ta dirgo katanga. Ta kama wuyan hannun Balkisa ta ji bugun jininta, ta dubi idonta.

"Ba yau ba," in ji ta. "Zauna, ina nan. Kar ki yi kokawa da shi, bar shi shi yi abin da ya kawo shi."

Suka zauna. Abin ya hau, ya hau, ya gaji ya sauka. Washegari Asta ta zo da abin awon jini da na sauraron ƙirji, ta auna, ta saurara, ta ce zuciyar nan ta fi tata lafiya.

"Aljani gare ni, Madam."

"Ni ban karanci aljannu ba, ba ni yi miki gardama bisa abin da ban sani ba. Amma Yamai an koya muna wata jinya wadda ba allura cikinta, jinyar tunani da ɗabi'a. Abin da kike tunani, da abin da jikinki ka ji, da abin da kikai, awaki na ga igiya guda. Guda ta zabura, sauran su bi. To mu ma guda za mu kama mu ja, sauran su biyo."

Balkisa ta ce a ranta zancen 'yan boko ne. Amma an daɗe ba a yi mata maganar da ta wuce "tuwo ya yi?" ba, don haka da la'asar sai ga ta a gindin katanga, wai tana kwashe shanya.

"In kin shiga zaure, mi shike ce miki?" in ji Asta.

"Shi ce yau mutuwa ta."

"Kullum?"

"Kullum."

"Kin mutu?"

Balkisa ta harare ta.

"To Gwaggo, wanga in mai awo na cikin kasuwa, kullum shi tauye miki tiya, kina komawa wurinai?"

Dariya ta kuɓuce wa Balkisa, wata irin dariya mai tsatsa, har ta rufe baki ta waiga ko wani ya ji.

"Amma zuciyar fa, Madam? Wannan ba ƙarya ba. Ji nike awa za ta hudo ƙirji."

Asta ta leƙo ta hangi turmi. "Ɗauki taɓarya ki daka mini. Da ƙarhi, awa kin ga wanda kike jin haushi ciki."

Balkisa ta ɗauki taɓarya. Wa ta gani a cikin turmin, Allah kaɗai ya sani, amma geron ya ji a jikinsa.

"Tsaya! Sa hannu ga ƙirjinki."

Ta sa. Fat-fat-fat. Ga haki, ga gumi, ga ƙafafu na rawa. Ita ce sak, ko kaɗan babu bambanci.

"Kin gani? Kullum sahe kina yin mutuwag ga gindin turmi, ki share gumi ki tankaɗe gari. Zuciyar daka da zuciyar zaure guda ta, Gwaggo. Can dai tsoro ka ba ta wani suna."

Balkisa ta daɗe tsaye da hannu a ƙirji. Shekaru tana gudun abin da take yi kowace safiya da taɓarya a hannu.

Daga nan Asta ta fara ba ta aiki. Ta ce tsoro halin akuya gare shi, in ta yi kuka ka zuba mata dusa, gobe kukan ya fi na yau, gudu kuwa shi ne dusar tsoro. Saboda haka Balkisa za ta shiga zaure ta tsaya, ta bar abin ya tafaso ya koma da kansa. Faɗa da sauƙi. Ranar farko ta gudu, kashegari ma ta gudu. Sai wata rana ta dafe bango, ta runtse ido, tana tsine wa Madam a ranta, tana cewa a fili, "Daka ta, daka ta." Da ta buɗe ido sai ta ga zaure ne kawai, da ƙadangare, da tsohuwar butar Kailu. Bayan zaure aka koma ƙofar gida. Asta ta miƙo mata silifas ɗin wanka ta kan katanga, da su ta kai har kwanar titi ta dawo tana rawar jiki, tana murmushi. Aka kuma ce kullum ta yi wa kanta abu ɗaya wanda ba na kowa ba ne. Ta kwaɓa lalle.

Tunani ɗaya ne ya ƙi motsi. Da ta gaya wa Asta cewa 'yar Tabla kunyarta take ji, Asta ta ce, "Wa ab ba ki labari? Kin tambaye ta?" Balkisa ta ce ina aka taɓa yi, uwa da 'yar fari, kuma ma wayar tana aljihun Yaya. Asta dai ta tambayi sunan mijin yarinyar.

Ana haka, wata rana Kailu ya dawo daga gona da wuri, ya tarar da ƙanwarsa a ƙofar gida tana tayin tattasai wurin mai talla, har tana neman gyara. Da kura ya gani da bai firgita haka ba. Kai da ka ga maras lafiyarka ta samu sauƙi ai alhamdulillahi za ka ce. Kailu salati ya yi.

Ranar, a kan kwanon tuwo, gidan ya cika da labarai. Hamida ta ce wata mata a Abala mai irin ciwon nan ta yi taurin kai ta fita, aljani ya murɗe mata wuya, yanzu baya take kallo in tana tafiya. Kailu ya ce motar kasuwa ta kife a hanya, waɗanda suka mutu duk masu ciwon zuciya ne. Ya ƙara da cewa wannan sauƙin da ake gani yaudara ce, aljani lallaɓa mutum yake ya fitar da shi fili.

"Amana ta ke gare ni, Balki," in ji shi. "In wani abu ya same ki bisa titi, mi za ni ce ma iyayenmu gobe kiyama?"

Kwana biyu tsakani sai ga magini da tubali. Katangar da ta shekara da shekaru tana jiran girbi ta tashi a yini ɗaya, har ta wuce tsayin mutum. Hamida ta ɗauki silifas ɗin Madam da tsinke ta wurga su can ƙetare, wai ba a san abin da aka shafa musu ba.

Balkisa ta koma bayan rumbu. Wuyan matar Abala ya tsaya mata a ido, zaure ya koma mata ramin kura. Sai dai akwai abin da ba su yi dabarar ɗaukewa ba, turmi. Duk safiya suna auno mata gero da hannunsu, ita kuwa ta daka, ta tsaya, ta sa hannu a ƙirji ta saurara.

Ranar kasuwa, gida ya watse, sai ta ji muryar Asta daga bayan sabuwar katanga.

"Gwaggo! Yayanki ya taya ni aiki. Da ina tunanin ƙaƙa za ni hiddo ki. Ƙohwata buɗe take, kuma na samo lambar mutanen Tabla. Ni kau ba ni hwaɗa ma katanga."

Nan ne Kailu ya yi kuskure. Da katanga na gajeriya, Balkisa tana samun likitarta ba tare da ta taka waje ba. Yanzu kuwa hanya ɗaya ta rage, ta zaure da titi. Ta tsaya, ta koma, ta sake tsayawa. Sannan ta yafa tsohon zani, ta fita ba takalmi, rairayi na ƙona tafin ƙafa, zuciya na ta daka ba turmi. Ta isa ƙofar Asta tana jiƙe sharkaf, amma a tsaye.

Wata abokiyar aikin Asta da ke Tabla ce ta samo lambar Nuhu. Aka kira, aka miƙa wa Balkisa.

"Inna?" in ji muryar Safi, sai kuka. "Inna, ke ta? Sun ce ba ki iya magana ga waya."

"Ina jin ki," in ji Balkisa, da ƙyar.

"Na haihu, Inna, namiji. Shekaranjiya anka yi suna. Matar Kawu ta zo, ta ce kina gaishe ni. Na ga takalminki ƙahwarta, na yi ta kallonsu."

Balkisa ta nemi wuri ta zauna. Shekaranjiya Hamida cewa ta yi kasuwar Abala za ta. Ta dawo da soyayyen nama a leda ta ce tsaraba ce, Balkisa ce ta ɗumama shi, ta raba wa yara, ta ɗanɗana gishirinsa. Ashe ragon sunan jikanta ne.

"Mi ya hana ki zo gida?" Kunya ta so ta riƙe maganar, amma ta fito.

"Kawu ya ce ke kinka ce kar in zo. Wai abin da ka damunki ba shi son mai ciki, shina iya taɓa jinjiri. Na yi kuka har na gaji, Inna. Na ɗauka gudu na kike."

"Wa ka yi miki wanka?"

"Wata maƙwabciya, in ta samu sarari. Jiya ba ta samu ba."

Balkisa ta miƙa wayar. Ba ta yi kuka ba. Wani baƙin ciki ne ya cika ta, da fushi irin wanda ba ta san tana da shi ba. Ita nan tana cewa 'ya na gudunta, 'ya can tana cewa uwa na gudunta, a tsakiya kuwa ana cin tuwo a kan lokaci.

"Madam, mota daban take da zaure?"

"Guda na. Sai dai ta hi shi ƙara, kuma abin zai taso miki, ba ni yi miki ƙarya."

"Shi taso."

Da safe Hamida ta auno gero ta ajiye a gindin turmi kamar kullum, ta shiga ɗaki tana shirin fita. Jajayen takalman na bakin ƙofarta. Balkisa ta fito da ƙullin kaya a kai, tsumman kanwa da kimba a hannu, ta zo ta zura ƙafa a ciki. Sun buɗe, dunduniya ta cinye, amma nata ne.

"Gwaggo, wasan mi na wanga?" in ji Hamida.

Kailu ya taso daga tabarma. "Ina zuwa?"

"Naman suna ya yi daɗi, Yaya. Ni na ɗumama shi."

Har akuya sai da ta daina tuƙa. Kailu ya yi gyaran murya, ya ce don lafiyarta aka ɓoye, farin ciki mai yawa ma yana tayar da irin wannan ciwo. Ya ce an so a gaya mata in ta ƙara ƙarfi. Ya ce hanya babu kyau, ga zafi, ga mutane da baki. Ya ce yarinyar ai tana cikin dangin mijinta, ba daji aka yar da ita ba. Ya ce kala suru, haƙuri, bayan girbi shi da kansa zai kai ta.

"Kuma wanka har arba'in fa!" in ji Hamida. "To wa za shi yi muna..."

Ta kama bakinta, amma magana zarar bunu ce.

"Ƙarasa mana," in ji Balkisa a hankali. Hamida ta kawar da kai.

Kailu ya tare hanyar zaure, ya sauke murya. "Balki, kin san abin nan. Ƙahwa guda za ki sa waje shi kada ke. Wurin wa za ki wanda ya hi mu?"

Zuciyarta ta riga ta fara. Ta ji ta sarai, ta ji ƙafafun na neman su ce ba da su ba. Ta sa hannu a ƙirji kamar yadda take yi a gindin turmi. Sannan ta buɗe baki ta faɗi abin da tun ranar da aka raɗa wa 'yarta suna ba a taɓa ji a bakinta ba.

"Wurin Safi za ni."

Sunan ne ya kawar da Kailu daga hanya. Ya san ƙanwarsa, ya san irin kunyar da ta taka kafin ta faɗe shi. Ya matsa gefe ba tare da ya sani ba.

Asta ta raka ta tasha, ta ga ta zauna tsakanin buhun albasa da wata tsohuwa mai kaza, ta ce daga nan kuma aikinki ne, akwai abokiyata can in kin buƙata. Mota ta tashi, abin ma ya tashi. Ya ce mata yau kam babu makawa. Balkisa ta runtse ido, kafaɗunta na sama da ƙasa a hankali kamar mai riƙe da taɓarya, tana motsa baki. Tsohuwar ta ɗauka tasbihi take, ta taya ta da amin. Ya sauka, ya sake tasowa a wani gargada, ya sake sauka. Da karen mota ya ce Tabla, Balkisa ta duba ta ga har yanzu tana duniya.

Ba ta tsaya gaisuwa mai tsawo ba, ta nemi itace da tukunya da ganyen sabara. Sai da ruwa ya hau wuta sannan Safi, ta rame idanu sun faɗa, ta ɗora mata jinjirin a ƙirji. Balkisa ta ji 'yar zuciyarsa na bugu da sauri a kan tata, fat-fat-fat. Ta yi dariya, hawaye na zuba.

"Kai ma daka kakai?"

A Filinge kuwa geron nan ya yini a gindin turmi, kaji na zagaye shi. Hamida ta fasa kasuwa, ta ɗauki taɓarya, kafin azahar hannu ya yi bororo. Maƙwabta suka shigo tambayar ina Gwaggo, Kailu ya girgiza kai cikin jimami, ya ce a taya su addu'a, jikin ya yi tsanani. Ta daina ci bai faɗi haka ba, ta yini kuka a bayan rumbu bai faɗi haka ba. Duk zamanta a gidan ba a taɓa cewa jikin Balkisa ya yi tsanani ba sai ranar da ta sa takalminta.